Da Wane Mudu Ake Auna Gidan Horon Yara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyaye, Ya kuma sanya talakawa amana a wuyan shugabanni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin wannan mako zai duba al'amarin waɗansu bayin Allah waɗanda ba safai ake tunawa da su a kan mumbari ba, watau yaran da ke tsare a gidajen horo. Daga cikinsu akwai wanda alƙali ya yanke wa hukunci saboda sata ko faɗa ko shaye-shaye, akwai wanda ke jiran shari'a, akwai kuma wanda ubansa ne da kansa ya kama hannunsa ya kai shi, ya ce ya gagare shi. Ko ta wace hanya yaro ya shiga, da zarar an ja ƙofa an datse, ba shi da sauran ikon neman abinci ko magani ko mayafi sai abin da aka miƙa masa. Wanda ya datse ƙofar nan kuwa ya ɗauki nauyin dukkan waɗannan abubuwa, ko ya sani ko bai sani ba. To, da wane mudu za a auna a gane ko an sauke wannan nauyi?

Tushen maganar yana cikin hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito game da wata mace da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifinta shi ne ta kulle ta, ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita ta nema da kanta, har ta mutu. Mai karatu ya lura, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta ƙona ta ba. Tsarewa ce kawai aka haɗa da sakaci. In haka hukuncin yake a kan kyanwa, ina ga ɗan Adam, ina kuma ga yaron da alƙalamin hisabi bai hau kansa ba tukuna? A cikin Suratul Insan ma, sa'ad da Allah Ya yabi bayinSa na ƙwarai da ciyarwa, Ya ambaci wanda ke tsare a jere ɗaya da miskini da maraya. Sau da yawa yaron gidan horo yakan haɗa siffofin nan uku duka a jikinsa shi kaɗai.

Shari'a ba ta ɗauki yaro daidai da babba ba. Hadisi ya tabbatar da cewa ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga, kamar yadda ba a rubuta wa mai barci sai ya farka, da mai taɓin hankali sai ya warke. Saboda haka malaman fiƙihu suka haɗu a kan cewa ba a tsayar da haddi ko ƙisasi a kan yaro. In ya ɓarnatar da dukiyar wani sai a biya mai ita, shi kuwa abin da ke kansa ladabi ne, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A mazhabar Maliku, in alamun balaga ba su bayyana ba, akan jira sai ya cika shekara 18, ko da yake Shafi'i da Ahmadu ɗan Hambali sun tsaya a kan 15. Manufar ladabi kuwa gyara ce. Ke nan gidan da aka gina domin ladabtar da yara, in yaro ya fito daga cikinsa ya fi yadda ya shiga lalacewa, wannan gida bai yi aikin da aka halatta tsarewar dominsa ba, ko da katangarsa ta sha fenti.

A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu wani gini da aka keɓe domin kurkuku. Sa'ad da aka kamo Sumamatu ɗan Usalu, babba daga manyan mutanen Yamama, a jikin ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi, inda kowa ke ganinsa, Manzon Allah kuma da kansa yana tsayawa a kansa kowace rana yana tambayarsa abin da ke ransa, har a rana ta uku ya yi umurni aka kwance shi, ya je ya yi wanka ya komo ya musulunta. Sai da daula ta yi faɗi, a zamanin Sayyadina Umaru, aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka aka mai da shi kurkuku, daga baya kuma Sayyadina Aliyu ya gina wani a Iraƙi. Da aka sami katanga da ƙyaure sai aka sami wata sabuwar matsala wadda babu ita a lokacin Sumamatu, watau tsararre ya ɓace wa idon jama'a. Suratu Yusufa ta riga ta nuna yadda mantuwar mutum guda ta sa Annabin Allah ya ƙara shekaru a kurkuku ba da laifin kome ba.

Daga cikin malaman farko da suka yi wa wannan matsala duban tsanaki akwai Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya zama alƙalin alƙalai a Bagadaza, ya kuma rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, daidai da 798 ta Miladiyya. Halifa Haruna Rashidu ya aika masa da tambayoyi a kan dukiyar baitulmali, amsoshin da ya bayar su ne littafin nan da ake kira Kitabul Haraji. A cikin tambayoyin akwai ta ɓarayi da mashaya da sauran maɓarnata da ke kurkuku: shin a ciyar da su, daga wace taska kuma? Da wani malami ne, da sai ya ce a ji tsoron Allah a kyautata musu, ya naɗe takardarsa. Abu Yusufa bai tsaya nan ba. Ya ce a yanka wa kowane mabuƙaci daga cikinsu dirhami 10 a wata. Ya ce a ba su kuɗin a hannu, kada a ce za a ba su gurasa, gama in gurasa aka fitar, masu tsaron kurkuku da yaransu za su yi gaba da ita. Ya ce a naɗa wani mutum na kirki ya rubuta sunayen 'yan kurkukun, rajistar ta zauna a wurinsa, kowane wata ya zo ya zauna ya riƙa kiran suna ɗaya ɗaya, mai suna ya fito a danƙa masa rabonsa, wanda kuwa aka riga aka saka a mai da kuɗinsa taska. Har tufafi bai bari ba. Ya faɗi abin da za a ba namiji da abin da za a ba mace, na lokacin sanyi daban, na lokacin zafi daban.

Wanda ya yi nazarin wannan tsari zai ga malamin ya san abu guda da ya shige wa mutane da yawa duhu har yau. Abin da ya fita daga baitulmali daban, abin da ya isa hannun tsararre daban, kuma na biyun ne Allah zai tambaya. Shi ya sa ya raba mai rajista da mai mabuɗi. Shi ya sa ya ce a kira suna, domin a ga mutumin da ido a san yana raye, kada a dogara ga jimlar da yari ya aiko. Shi ya sa kuma ya ɗaure abin da wata, domin aikin da ba shi da rana ba a taɓa cewa an makara a kansa.

Bai kuma ɓoye wa Halifa abin da ya ji ba. Ya gaya masa ana fito da 'yan kurkuku cikin sasari suna bara a titi, ya ce wannan abin kunya ne ga daular Musulmi. Ya gaya masa akan yi wa mutum bulala 200 ko 300 a kan zargi, ya ce wannan bai halatta ba. Ya gaya masa amintattu sun ba shi labari baƙo kan mutu a kurkuku gawarsa ta kwana ɗaya ko biyu ana jiran izinin gwamna, har sai 'yan'uwansa fursunoni sun yi karo-karo sun ɗauki hayar mai kai shi makabarta, a binne shi ba wanka, ba likkafani, ba salla. Ya kawo wasiƙar Umaru ɗan Abdul'azizu, wadda a cikinta ya hana a bar Musulmi a ɗaure ɗaurin da zai hana shi salla a tsaye, ya kuma hana a bar kowa ya kwana da mari sai wanda ake nema da jini. Sa'an nan ya sa yatsa a kan ainihin ciwon, ya ce abin da ke cika kurkuku shi ne ƙarancin duba al'amarin waɗanda ke ciki, ana ta tsarewa ba a dubawa. Ya shawarci Halifa ya umurci gwamnoninsa su riƙa duba shari'ar tsararru a kai a kai, mai ladabi a ladabtar da shi a sake shi, wanda babu ƙara a kansa a buɗe masa ƙofa. Duk wannan fa a kan manyan ɓarayi ake magana, masu gemu da ƙarfin damtse. Yaro ya fi su cancanta nesa ba kusa ba.

Bibiyar aiki ba Abu Yusufa ya ƙago ta ba. An ruwaito Sayyadina Umaru ya tambayi mutanen da ke tare da shi, in ya zaɓi wanda ya fi kowa nagarta ya naɗa shi, ya kuma umurce shi da adalci, shin ya sauke nauyin da ke kansa? Suka ce ya sauke. Ya ce bai sauke ba, sai ya duba aikin mutumin ya ga ko ya aikata abin da aka umurce shi. Yana da sahabi na musamman, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa ya binciko masa gwamnoni. A littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an tsara wa sabon alƙali abin da zai fara da shi ran da ya hau buzu, aka sa duba waɗanda ke tsare a gaba da kome, kafin wasiyyai da dukiyar marayu. Shehu Magili kuma, cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata cewa tushen musiba shi ne shugaba ya shige bayan labule ya ɓuya wa talakawansa. Babu kuwa talakan da labule ya fi yi wa kauri kamar yaron da ke bayan katangar gidan horo.

Kusan shekara 1,200 bayan Abu Yusufa, mutanen Amurka suka ci karo da wannan darasi ta hanyarsu. A shekarar 1988 majalisar dokokin ƙasar ta ba da umurni a binciki halin da yara ke ciki a gidajen tsarewa. Rahoton ya fito a 1994, ya ƙunshi gidaje 984 masu ɗauke da yara kimanin 65,000. An tarar da cunkoso, har kusan rabin yaran suna zaune a gidajen da aka cusa musu fiye da adadin da aka gina su dominsa, an tarar da raunuka, da yaran da ke yunƙurin kashe kansu, da ƙarancin kula da lafiya. Amma abin da ya fi girgiza masu binciken shi ne, gidan da ya cika ƙa'idodin da ke rubuce ba lalle ne yaransa su fi na sauran gidaje zaman lafiya ba. Dalili kuwa, yawancin ƙa'idodin suna tambaya ne ko akwai takarda. Shin an rubuta tsarin hana faɗa? An rubuta. Shin an rubuta yadda za a kai marar lafiya wurin likita? An rubuta. Sai sufeto ya buga hatimi ya tafi, bai tambayi yara nawa aka fasa wa kai a watan da ya wuce ba.

Saboda haka a 1995 Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar, ta hannun ofishinta mai kula da shari'ar yara, ta haɗa kai da ƙungiyar shugabannin gidajen horon yara aka fito da wani sabon ma'auni mai duban sakamako. Sau biyu a shekara, a watan Afirilu da watan Oktoba, gidan da ya shiga tsarin zai ƙirga abin da ya auku a cikinsa: yara nawa suka ji rauni, sau nawa aka ɗaure yaro, sau nawa aka kulle yaro shi kaɗai a ɗaki, na tsawon awa nawa, nawa ne aka duba lafiyarsu lokacin shigowa, nawa ne karatunsu ya ƙaru, nawa ne suka sadu da iyayensu. Akan kuma tambayi yaran da kansu ko suna jin tsoro a cikin gidan, a tambayi ma'aikata su ma. Sa'an nan a gwada gidan da yadda yake wata shida da suka wuce, a kuma gwada shi da sauran gidaje irinsa, inda aka ga giɓi a rubuta yadda za a cike shi, a komo bayan wata shida a ga ko an cike. Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, babu laifi ga Musulmi ya ɗauki wannan, balle ma da yake ya yi daidai da abin da ke cikin littattafansa.

Sai dai wannan tsari yana da rauninsa. Shiga cikinsa ganin dama ne, kuma gidan shi ke ƙirga kansa. Gidan da ya fi kowane ɓaci shi ne ba zai shiga ba, wanda ya shiga ma yana iya tauye mudu. Yari zai iya rage yawan faɗa ta hanyar kulle yara a ɗaki yini guda, lissafi ya yi kyau alhali yara sun ƙuntata, wannan ne ma ya sa dole a ƙirga awoyin kulle tare da faɗan. Suratul Mutaffifina ta yi wa masu tauye awo alkawarin azaba, algus a cikin rahoto kuwa ya fi algus a cikin hatsi muni, gama mai sayen hatsi yana iya komawa wata rumfa. A nan ne ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na kare yaran da aka tsare, waɗanda aka amince da su a 1990, suka zo da abin da ya yi kama da mai rajistar Abu Yusufa. Sun nemi a sami masu bincike waɗanda ba sa ƙarƙashin shugaban gidan, su shiga ba tare da sanarwa ba, su ga kowace takarda, su kuma gana da yaro a keɓe. Sun hana duka, da kulle yaro a ɗaki mai duhu, da rage masa abinci ko hana shi ganin iyayensa da sunan horo.

A Nijeriya ba doka aka rasa ba. Akwai dokar gidajen Bostal da wuraren ajiye yara tun 1962, sunan kuwa na wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara irin wannan gida a farkon ƙarni na 20, su Turawan ma sun soke tsarin a ƙasarsu da dokar 1982. Gidajen Bostal da aka daɗe da sani su ne na Kakuri a Kaduna, da na Ilori, da na Abeokuta, ban da gidajen kangararrun yara na jihohi, irin na Goron Dutse a Kano. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1991, wadda ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan lokaci mafi gajarta. An yi dokar haƙƙin yara a 2003. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, a sashe na 34, ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata ya ga waɗanda ke tsare. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a ajiye yara tare da manya, ta kuma ce a gina gidajen Bostal na maza da na mata a kowace jiha. In da takarda ake auna ƙasa, da babu abin cewa.

Amma a ranar 1 ga watan Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar watan Agusta ta wannan shekara, a cikinsu har da yara da dama waɗanda aka kamo daga Arewa. Sun yi kusan wata uku a hannun hukuma. Huɗu daga cikin waɗanda aka kawo suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, jama'a suka ga ramammun yara a talabijin, ƙasa ta ɗauka, bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umurni aka sake su. Abin tambaya a nan, ramar nan a rana ɗaya ta faru? Da akwai mai zuwa ya kira suna ɗaya ɗaya kowane wata, da tun watan farko an gani.

Al'ummar Musulmi ma tana da nata kason, bai kamata a ɗora wa hukuma kaɗai ba. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura da Zariya da waɗansu garuruwa. Yawancin waɗanda ke cikin gidajen marin nan iyayensu ne suka kai su, suna kuma biyan kuɗi, da fatan a shiryar musu da su. Ba daidai ba ne a shafa wa dukkan makarantun allo wannan baƙin fenti, amma kuma ba daidai ba ne a ce sunan Alƙur'ani a bakin ƙofa ya isa ya hana bincike. Hadisin Buhari da Muslimu ya hana a wuce bulala 10 in ba a haddi ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, a littafinsa na ladubban masu koyarwa, ya iyakance wa malami bulala uku a kan karatu, ya kuma hana dukan kai da fuska. Ibnu Haldun a cikin Muƙaddima ya bayyana cewa tsanani ga yaro yana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, domin tsoro yana sa shi ya riƙa nuna abin da ba shi ke zuciyarsa ba. Wanda ya sa wa yaro mari shekara guda da sunan addini, wane littafi ya karanta?

To, me za a auna? Abu na farko ba ya buƙatar kwamfuta ko ƙwararre daga waje, sikeli ne irin na asibiti. A ɗora yaro ran da ya shigo a rubuta nauyinsa, a sake ɗora shi kowane wata. Yaro mai tasowa ƙaruwa ya kamata ya yi. In nauyin yaran gida duka yana raguwa alhali rasidin ɗan kwangila ya nuna buhunan shinkafa da wake sun shigo, to, gurasar Abu Yusufa ce ta sake bin hanyarta. Tare da sikelin sai ƙirgar kwanaki. Kowane mai jiran shari'a a rubuta ranar da aka kawo shi da ranar da ya ga alƙali a ƙarshe, gama yaron da ya yi wata takwas yana jira a kan satar kaza ya riga ya biya fiye da abin da shari'a za ta yanke masa, tun ba a tabbatar ya sata ba. Shekarunsa ma a tantance su da gaskiya, domin ƙara wa ɗan shekara 15 shekara uku a takarda ya isa ya jefa shi cikin manyan fursunoni.

Makwanci yana buƙatar a dakata a kansa. Shari'ar da ta ce a raba wa 'ya'yan mutum ɗaya shimfiɗa in sun kai shekara 10, a cikin gidan ubansu, ba za ta yarda a cusa baƙin juna 40 a ɗakin mutum 10 a kashe fitila a tafi ba. Mai bincike ya kamata ya zo da dare ya ƙirga kawuna da tabarmi, ya ga wa ke kwana kusa da wa, ya ga ko akwai ma'aikaci a farke. Hadisi ya kamanta mugun aboki da mai zuga wutar maƙera, in bai ƙona tufafin mutum ba zai shaƙa masa wari. Ƙaramin da ya tsinke aljihu sau ɗaya, in aka kwantar da shi wata shida kusa da ƙwararren ɗan fashi, hukuma ce da kanta ta sa shi a makarantar fashi. Abin da ke faruwa ga ƙananan yara a irin waɗannan ɗakuna cikin dare ba ya shiga rajista, kunya kuma ba ta barin yaro ya faɗa a gaban gandiroba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai an keɓe shi da wanda ya amince wa, kuma sai ya tabbata ba za a huce a kansa ba bayan baƙo ya tafi.

Sauran abubuwan a bayyane suke: sau nawa uwa ta ga ɗanta a wata, ko kuwa sai ta ba da wani abu a bakin ƙofa, yaro nawa ya shigo bai iya karatu ba ya fita ya iya, kekunan ɗinki da kayan kafinta da aka saya, nawa ne ke aiki, yaro nawa ya taɓa su. Kada kuma a manta da ma'aikata. Gandiroban da aka bar shi shi kaɗai da yara 60, ba a koya masa kome ba sai riƙe kulki, albashinsa kuma yana makara, ba za a yi mamaki ba in ya koma ga duka. Adalci ne a auna shi, adalci ne kuma a auna wanda ya tura shi hannu rabbana.

Ziyarar da aka saba yi, wadda ake sanarwa tun mako guda, a share tsakar gida, a raba sababbin riguna, a yanka rago, a ɗauki hoto, tana da ladan ciyarwa in an yi don Allah, amma ba ta auna kome. Kungiyoyin agaji na Musulmi da ke kai abinci gidajen nan cikin watan azumi suna da ƙafar shiga wadda waɗansu ba su da ita. Da za su nemi izinin hukuma su mai da zuwan nan kowane wata, tare da likita da lauya da malami, su riƙe rajistarsu ta kansu, abin da suka gani kuma su miƙa shi ga babban alƙalin jiha da kwamishinan da abin ya shafa a rubuce, da sun tsaya a matsayin mutumin kirkin nan da Abu Yusufa ya nema wa Halifa. Limamai kuma suna da damar tambayar majistaren yankinsu, cikin ladabi, yaushe rabonsa da caji ofis.

Akwai lissafi guda wanda ba a iya yinsa a cikin gidan, sai bayan yaro ya fita. Ba a nufin a riƙa shelar sunansa a unguwa, gama rufa asirin Musulmi wajibi ne, balle na yaro mai sauran rayuwa a gaba. Jami'in kula da jin daɗin jama'a wanda ya sa hannu aka sake shi, shi ya kamata ya bi sawunsa a asirce bayan wata shida, da kuma bayan shekara guda, ya rubuta inda ya same shi, ko a makaranta, ko a wurin sana'a, ko a tasha, ko kuwa ya sake komawa hannun 'yan sanda. In aka tara wannan daga yara 100 da suka fita daga gida ɗaya, gwamna zai san ko kuɗin da yake warewa gyara yake saye, alƙali kuma zai san inda yake tura ɗan mutane ran da ya sa hannu a takarda.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi baki ɗaya, amin.